Tuwon alkama bai sauke suga ba: nazarin lamarin wani dillalin albasa a Mile 12

Mara lafiyan namiji ne mai shekara 54, dillalin albasa a kasuwar Mile 12 da ke Legas, yana zaune da iyalinsa a Ketu. Shekara uku ke nan da aka tabbatar masa da ciwon suga nau'i na biyu. Yana shan maganin suga metformin miligiram 1,000 safe da dare, akwai kuma hawan jini da ake sarrafawa da ƙwaya ɗaya. Nauyinsa kilo 88, tsawonsa mita 1.72, ƙibar duk ta taru a ciki. Gwajin HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin sugan jini na wata biyu zuwa uku da suka wuce, ya nuna 8.4 cikin 100, alhali abin da ake nema ga yawancin manya shi ne ƙasa da 7.

Ba mutum ne mai sakaci ba, kuma abin da ya sa lamarin ya cancanci a zauna a duba shi ke nan. Ya bar tuwon shinkafa da teba tun shekarar da aka gano ciwon. Tsabar alkama yake saya a kai masa injin niƙa da dusarta, a tuƙa masa tuwo kullum da dare. Wani lokaci a canja masa da tuwon garin oat na leda. Kowace asuba yana shan ruwan ɗanyar kuɓewa guda uku da aka yanka aka jiƙa tun dare, da shi ma yake haɗiye ƙwayar safe. Abin da ya faɗa wa ma'aikaciyar jinya gajere ne: “Sista, duk abin da aka ce in ci na ci, amma lambar ta ƙi sauka.”

Abin da sikeli da na'ura suka nuna

Kafin a taɓa komai a abincinsa an sa shi gwaji bibbiyu na mako guda: ya gwada jini dab da fara cin abinci, ya sake gwadawa awa biyu daga lomar farko. Daga lomar farko ake ƙirgawa, ba daga wanke hannu ba, don mutane da yawa nan suke kuskure. An kuma auna abincin da ƙaramin sikelin kicin.

Karin kumallo wajen mai shayi ne da misalin ƙarfe tara, bayan an sauke motocin farko: rabin burodin Agege, kimanin giram 150, da shayi mai kauri da ƙwayar suga huɗu. Burodin kaɗai yana ɗauke da kusan giram 75 na sitaci da suga, shayin ya ƙara sama da 25, zaren abinci kuwa, wato ɓangaren tsiro da ciki ba ya narkarwa, bai wuce giram 4 ba. Na'urar gwajin suga ta tashi daga 148 zuwa 262 mg/dL. Da rana farar shinkafa ce da miyar tumatir, dafaffiya giram 400, wato kusan giram 112 na sitaci da zaren da bai kai giram 2 ba, wata rana a kora da maltina. Da dare, sai goma ta gota saboda cunkoson hanyar Ikorodu, malmala biyu manya na tuwon alkama, daga gari kusan giram 200, da miyar kuɓewa mai ruwa-ruwa. Na'ura: 150 kafin ci, 238 bayan awa biyu. Daren da aka tuƙa oat, 145 ta koma 240. Ƙa'idar da ƙungiyar masu kula da ciwon suga ta Amurka ta ba da ita ce 80 zuwa 130 kafin ci, ƙasa da 180 bayan ci.

Ga inda gizo ke saƙar. Garin alkama mai dusa yana da zare kusan giram 11 a kowane giram 100, don haka tuwon dare kaɗai yana ba shi sama da giram 20. Idan aka haɗa da na burodi da na miya, a takarda ya wuce giram 25 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya riƙa samu a rana, a ƙa'idojinta na 2023. Adadin ya cika, amma irin zaren da lokacin cinsa da yawan sitacin da yake rakiya duk ba su yi daidai ba.

Yadda yauƙi ke rage wa suga gudu

Sitaci dogayen sarƙoƙi ne na gulukos. Narkewarsa tana farawa a baki da sinadarin amilas na miyau. Tumbi ba ya tsotse suga, aikinsa ya dama abincin ya riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan zuwa ƙaramin hanji. A can amilas ɗin da gaɓar fankiriyas ke zubowa yake yayyanka sarƙoƙin, wasu sinadarai da ke manne a bangon hanji su ƙarasa su zuwa gulukos ɗaiɗai, bangon ya tsotse, jini ya kwasa zuwa hanta. A jikin mai lafiya insulin, sinadarin da ke shigar da suga daga jini zuwa ƙwayoyin jiki, yana fitowa da sauri ya tarbi wannan suga. A nau'i na biyu fitowar farko ta insulin ta yi rauni, jiki kuma ba ya jin maganarsa sosai, saboda haka saurin da sugan ya shigo da shi yana da nauyi kamar yawansa.

Zaren abinci shi ne ɓangaren tsiro da sinadaran narkarwar ɗan Adam ba sa iya yankawa. Wanda ba ya narkewa a ruwa, irin na dusar alkama da ɓawon masara, yana ƙara wa bayan gida yawa da laushi, yana da amfaninsa, amma ba ya kaurara abin da ke cikin hanji. Wanda ke narkewa a ruwa ya yi yauƙi shi ne ke taɓa suga kai tsaye: beta-gulukan na oat da sha'ir, fektin na 'ya'yan itace irin su gwaiba da lemun zaƙi, ƙaiƙayin irin wani tsiro da ake kira psyllium, da yauƙin kuɓewa, kuka, karkashi, lalo da ogbono. Lalo shi ne ewedu ɗin da ake samu a kusan kowace buka a Legas.

Idan irin wannan zare ya haɗu da abinci a ciki, abubuwa da dama ke faruwa a lokaci guda. Tumbi yana jinkirin sakin abinci mai kauri. A cikin hanji, amilas ba ya samun cuɗanya da sitaci da sauri, gulukos ɗin da aka yanko shi ma yana daɗewa kafin ya ratsa zuwa bango. Jefa ƙwayar suga a kofin ruwa ka juya, ka jefa wata a kunu mai kauri ka juya da ƙarfi ɗaya: ta ruwa za ta bi ko'ina nan take, ta kunu sai ta ɗauki lokaci. Haka motsin hanji yake kasa gauraya abu mai kauri. Sakamakon shi ne wani kaso na abincin yana gangarawa can ƙarshen ƙaramin hanji kafin a tsotse shi, inda ake da ƙwayoyin da ke sakin homon GLP-1, wanda ke taimaka wa fitar insulin, ya ƙara rage saurin tumbi, ya sa mutum jin ƙoshi. Zaren da ya isa babban hanji kuma bakteriya suna ruɓar da shi su samar da gajerun sinadaran mai, asetet da furofiyonet da butiret, tare da iska. Ana danganta wannan da abin da aka lura da shi tun shekarun 1980, cewa wanda ya ci wake a abinci ɗaya yakan ga sauƙin hawan suga a abincin da ya biyo baya.

A lura: sugan da ke cikin abincin duk zai shiga jini. Zaren ba ya sace shi, shimfiɗa shigarsa yake yi a kan lokaci mai tsawo, ƙololuwar ta sauko.

Cewa kaurin ne ke aikin ba hasashe ba ne. A 1978 David Jenkins da abokan aikinsa suka buga wani gwaji a mujallar likitocin Birtaniya, inda suka ba mutane gulukos tare da zare iri-iri. Wanda ya fi kauri, ƙaron wani tsiro da ake kira guar, shi ya fi danne hawan suga, dusar alkama ba ta kai shi ba. Da suka sarrafa ƙaron ya daina kauri, amfanin ya ɓace duk da cewa giram ɗin zaren bai canja ba. Shi ya sa inulin, wani irin zare da ake zubawa a wasu kayan gwangwani a rubuta musu “mai zare”, ba ya hana suga tashi bayan ci: yana narkewa a ruwa, amma ba ya yauƙi. Jenkins ɗin ne a Jami'ar Toronto ya fito da ma'aunin saurin hawan suga na abinci a 1981, inda gulukos tsantsa yake 100. A jadawalin duniya na 2008, farin burodi 75 ne, burodin alkama mai dusa 74, dafaffiyar farar shinkafa 73, tsabar sha'ir 28, jan wake 24. Tazarar maki ɗaya tsakanin burodin nan biyu ta isa bayani a kan tuwon dillalinmu. An gudu ba a tsira ba: injin niƙa ya riga ya farfasa ƙwayar, tuƙi a tafasasshen ruwa ya kumbura sitacin, dusar tana gefe ba ta tare komai.

Oat fa, tunda shi yana da zare mai yauƙi? Yana da shi, kusan giram 4 na beta-gulukan a giram 100. Amma hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai, a 2011, ta ce kafin a yi iƙirarin rage hawan suga bayan ci sai abinci ya ƙunshi giram 4 na beta-gulukan a kan kowane giram 30 na sitaci da suga. Giram 50 na oat ne ke ba da sitaci kusan 30, beta-gulukan ɗinsa kuwa 2 ne kawai, rabin abin da ake buƙata. Niƙa kuma yana ƙara dagula lissafin: a jadawalin da aka ambata, kunun oat mai ɓarzajjen ƙwaya 55 ne, na nan-take 79. Garin oat mai laushi da aka tuƙa malmala biyu ya fi kusa da na biyun.

Ruwan kuɓewa na asuba bai da wahalar bayani. Ɗanyar kuɓewa giram 100 tana da zare giram 3 da ɗan ɗori, guda uku kusan giram 1 ne kawai, abin da ya fita cikin ruwan bai kai haka ba, ita kuɓewar kuma zubar da ita ake yi. Sannan ya sha tun asuba, burodi bai shigo ba sai tara. Ruwa ba ya jiran awa uku a tumbi. Haɗiye metformin da shi a ciki fanko ya ƙara masa murɗar cikin da yake ƙorafi, kuma akwai gwaji a jikin ɓeraye da ya nuna yauƙin kuɓewa yana rage tsotsar maganin. Ɓera ba mutum ba ne, amma ba dalilin yin kasada.

Gyaran da aka yi

Ba a taɓa magani ba, sai dai an mayar da ƙwayar safe cikin karin kumallo, da ruwa zalla. An tsara abincin a kan abin da zai samu a bakin rumfarsa, don wanda ke kasuwa daga asuba zuwa isha ba zai ɗauki kula uku a motar haya ta danfo ba.

Da safe burodi ya koma kwata, shayi ba suga, aka shigo da dafaffen wake cike da ƙaramin kwano, kusan giram 170, wanda ke ba da zare giram 11. Wake yana da kariya biyu: zare mai narkewa, da bangon ƙwayoyinsa da ke riƙe sitaci a ciki ko bayan an dafa. Don haka wanda ƙwayarsa take tsaye ya fi wanda aka dame. Ewa agoyin, dafaffen waken da ake yawo da shi a Ketu, an dafa shi har ya narke, ga manja mai yawa, ga burodin da ake haɗa shi da shi, saboda haka an ce ya ci waken ya rage man, burodin kuma kada ya wuce kwata. Alala da ƙosai an surfe musu ɓawo an markaɗa, sun rasa wani kaso na kariyar, duk da haka sun fi burodi nesa. Ɗanwake kuwa sai an tambayi mai shi, don na sayarwa sau da yawa fulawa ko garin rogo ya fi wake yawa a ciki.

Da rana shinkafa ta koma garau-garau na gaske, rabi da rabi: dafaffiyar shinkafa giram 200, wake giram 200. Sitacin ya sauko daga 112 zuwa kusan 85, zare ya tashi daga 2 zuwa kusan 14. Ranar da buka ya nufa, amala ɗaya da ludayi biyu na ewedu da gbegiri, wato miyar wake. Maltina ta fita gaba ɗaya, don sugan da ya riga ya narke a ruwa da sauri yake shiga jini.

Tukunyar dare ta fi ɗaukar magana, tunda uwargida ce ke da ita, kuma tambayarta ta farko ita ce ko za ta riƙa ɗora wa Alhaji tukunya daban. Ba ta buƙata. Abin da aka juya shi ne awon: malmala ɗaya daga gari giram 90 zuwa 100, ko ta alkama ko ta dawa, miya kuwa ta zama ita ce abincin. Ɗanyar kuɓewa giram 150 ga shi kaɗai, kamar guda goma sha biyu matsakaita, a goga ko a yanka ƙanana, a zuba a ƙarshen girki, minti biyar zuwa bakwai a sauke. Doguwar tafasa da yawan tumatir ko wani abu mai tsami suna tsinka yauƙin. Ranar kuka ko karkashi a kaɗa ta yi kauri, ta riƙe cokali. Ya fara da shan miyar da cokali kafin lomar farko, kuma a ajiye masa abincin ya ci da ya shigo, ya ɗan taka minti goma zuwa sha biyar kafin ya kwanta.

Abubuwa biyu suka kawo cikas. A makon farko cikinsa ya kumbura, ga iska, har ya yi niyyar barin waken. Dalilin a fili yake: an ɗora wa bakteriyar hanji wake sau biyu a rana lokaci guda, ga metformin da shi ma yake taɓa ciki. Sai aka koma wake sau ɗaya a rana, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan cikin mako uku, a jiƙa shi ya kwana a zubar da ruwan jiƙon, a dafa shi ya nuna sosai, ya kuma ƙara shan ruwa, abin da mai yini a zafin kasuwa yake buƙata dama. Na biyu, jininsa ya ɗan hau. Da aka bincika, uwargida ta ƙara kanwa a miya don yauƙi ya fito, mai waken kasuwa ita ma da kanwa take nunar da nata. Kanwa gishirin sodiyam ce, ga dunƙulen ɗanɗano a kai. An cire ta daga tukunyar gida, tunda sabuwar kuɓewa ƙarama tana yauƙi ba sai da ita ba, jiƙaƙƙen wake kuma yana nuna da kansa.

A mako na biyar aka ƙara ƙaiƙayin psyllium, wanda ake samu a kantunan magani, wani lokaci da sunan ispaghula. An fara da giram 3.5 sau ɗaya a rana dab da abincin rana, daga baya sau biyu. Ana zuba shi a cikakken kofin ruwa, mililita 250, a juya a shanye kafin ya daskare, a bi da wani ruwan. Ba a shan sa a bushe, ba a shan sa a kwance, kuma wanda ke da wahalar haɗiya ya bar shi, don yana iya toshe maƙogwaro. A bar tazarar awa biyu tsakaninsa da magunguna. Wannan tazara ce ta sa aka ɗora kashi na biyu a kan ɗan abin da yake ci da la'asar, ba a kan abincin dare da yake shan metformin da shi ba.

Inda aka kwana

Bayan wata uku, gwajin bayan karin kumallo yana yawo tsakanin 170 da 190, na dare tsakanin 165 da 185. Nauyi ya sauka zuwa kilo 85, HbA1c ya koma 7.6. Wannan bai yi nisa da abin da bincike ya nuna ba. Nazarin da aka buga a 2019, wanda ya tattara gwaje-gwaje 28 a kan masu nau'i na biyu, ya gano cewa ƙarin zare mai yauƙi na kimanin giram 13 a rana yana sauke HbA1c da kusan 0.6. A wani gwaji na shekarar 2000 a Amurka, masu ciwon 13 da suka ci zare giram 50 a rana daga abinci zalla, rabinsa mai narkewa, sun samu saukar sugan kafin ci da 13 mg/dL idan aka kwatanta da lokacin da suke cin giram 24. Sauƙi ne na gaske, amma ba ya maye gurbin magani. Kuma a lamarin nan ba daidai ba ne a ba yauƙi ladan duka, tunda an rage sitaci sosai, an cire suga da maltina, an ƙara tafiya, kilo uku sun tafi.

Wannan tsari bai dace da kowa ba. Wanda ciwon ya daɗe har ya taɓa jijiyoyin tumbinsa, yana ƙoshi da loma kaɗan, yana amai ko kumburi awanni bayan ci, zare mai yauƙi zai ƙara masa wahala. Mai ciwon ƙoda sai an duba fotasiyam ɗinsa kafin a ƙara masa wake da ganye. Wanda sugansa ya faɗi ƙasa da 70 kuma yana buƙatar suga mai saurin shiga, kamar giram 15 a ruwa, ba wake ko kunun oat ba.

Sugan asuba na dillalin ya tsaya tsakanin 135 da 145, bai motsa sosai ba. Wannan lamba daga hanta take fitowa, wadda ke zubo gulukos cikin dare, kuma miyar kuɓewa ba ta kai can. An mayar da shi wajen likitansa da takardar gwaje-gwajen don a duba ƙarin magani. An kuma rubuta a takardar cewa yanzu yana cin sitaci ƙasa da da, saboda idan ƙwayar glibenclamide ko insulin aka zaɓa a fara da kaɗan don kada sugansa ya faɗi ƙasa sosai, ya riƙa gwada jini kafin abincin rana, tunda a kasuwa sau da yawa ba ya samun zama ya ci sai bayan azahar.